Karen Titi Ba Daga Sama Ya Faɗo Ba

Duk wanda ya saba bin hanyar Kano zuwa Gwarzo, ya ratsa Rimin Gado da ƙasar Kabo, ya san irin karen da nake nufi. Yana nan a bayan kwata, yana nan a bolar bakin kasuwa, yana nan a gindin teburin mai shayi da asuba kafin mutane su fito. Haƙarƙarinsa daga nesa ma ana iya ƙirga su. Kunnuwansa cike da kaska, gashin bayansa ya zube saboda ƙazuwa, sau da yawa da ƙafa uku yake tafiya. A wuyan wani za ka ga wayar da aka ɗaura masa tun yana kwikwiyo, ya girma wayar ba ta girma ba, har ta nutse cikin nama. Idan mutum ya sunkuya zai gyara takalminsa sai karen ya zabura da gudu, domin a iya saninsa ɗan Adam ba ya sunkuyawa sai don ɗaukar dutse.

Muna kiransa karen bola, ko karen da ba shi da ubangida. Ra'ayina a kansa ba zan lulluɓe shi ba: mu muka mayar da shi haka. Jifan da muke yi masa da gubar da muke zuba masa a nama ba su da tushe a addinin da muke fakewa da shi, kuma ba sa tsare yaranmu daga ciwon haukan kare. Abin da zai tsare yaran Getso da na Garo shi ne a kama karen nan da ransa, a yi masa magani da allurar rigakafi, a damƙa shi ga wanda zai amsa cewa nasa ne. Na san wani ya riga ya taɓe baki yana cewa, ana fama da kuɗin masara wannan yana zancen kare. A yi haƙuri a biyo ni, za mu zo kan wannan ma.

Daga ina ya fito?

A ƙasar Gwarzo da Kabo babu wani garken karnukan daji da ya shigo gari daga kurmi. Kusan duk karen da ka gani a bola, shi ko uwarsa sun taɓa cin tuwo a wani gida.

Da an gama girbi, ciyawa ta bushe, sai mafarauta su fara cika motoci su da karnukansu, a nufi dazuzzuka na kusa da na nesa. Farauta sana'a ce mai tarihi, tana da sarakunanta da ƙa'idojinta, kuma maharbi na gaske ya fi kowa sanin darajar karensa, har suna yake raɗa masa, yana yi masa kirari. Sai dai ba duk mai rataye da gora ne maharbi na gaske ba. Karen da ya karye a daji, ko ya tsufa ya daina cim ma zomo, sau da yawa ba a sake saka shi a mota. Ana cewa karen bana shi ke maganin zomon bana, amma ba mai tambayar inda karen bara ya kwana.

Sai yaron da ya samo ɗan kwikwiyo a wurin abokinsa, ya ɓoye shi a kangon maƙwabta yana satar masa ƙanzo. Ranar da maigida ya gani sai ya daka tsawa a fitar masa da ƙazanta. Yaro ya kai shi bayan gari ya saki, igiyar na wuyansa. Sai mai lambu a fadama da ya ajiye kare don gadin tumatir da rake, aka kwashe amfani, buƙata ta ƙare, tuwon kare ma ya ƙare. Sai karyar da ta haifi shida ko bakwai, aka zuba 'ya'yan a buhu aka kai bakin rafi. Cikin karya wata biyu ne kacal, kuma waɗanda suka tsira daga buhun nan kafin shekara ta zagayo su ma sun isa haihuwa.

Akwai kuma fatake masu bin ƙauyukan Arewa suna sayen karnuka, su cusa su a kejin waya wani kan wani, a nufi kasuwar Dawaki da ke ƙaramar hukumar Kanke a jihar Filato, daga can a wuce da su kudu. Mutumin da zai ce maka shi ba ya taɓa kare saboda tsarki, shi ne zai karɓi kuɗin karen ya zura a aljihu, bai tambayi kwana nawa zai yi a keji babu ruwa ba, bai kuma tuna cewa hadisi ya yi hani ga cin kuɗin kare ba. Wannan fatauci yana kwasar karnuka daga jiha zuwa jiha babu shaidar allura, mai ɗauke da cuta na goga kafaɗa da mai lafiya.

Abin da ke riƙe su a gari kuwa shi ne abin da muke zubarwa: jini da kayan ciki a bayan kwata, mushen akuya a kwalbati, ragowar abincin biki a bola. Yawan karnukan gari yana bin yawan abin da suke samu su ci. Garin da bai kwashe shararsa ba, shi yake kiwon karnukan da yake kuka da su.

Kada a jingina wa addini

Hujjar da aka fi ɗagawa ita ce kare najasa ne. A nan ya kamata kowa ya koma makarantar da ya yi. Mafi yawanmu mabiya mazhabar Imamu Malik ne, kuma sanannen ra'ayin mazhabar shi ne kare mai rai ba najasa ba ne, haka ma yawunsa. Wanke ƙwarya sau bakwai idan ya sa baki a ciki, Malikawa sun ɗauke shi umarni ne da ake bi don bauta. Shafi'awa da Hambalawa suna ganin najasa ne, kuma saɓanin malamai abin girmamawa ne. To amma ko a wurinsu, hukuncin najasa wankewa ne. Babu littafin fiƙihun da ya ce a karya wa kare ƙafa, ko a watsa masa tafasasshen ruwa, ko a ɗaure shi a bayan babur a ja shi a kan kwalta.

Littafin Risala, wanda ake karantawa a kusan kowane zauren ilimi daga Gwarzo har cikin ganuwar Kano, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan ne ya wallafa shi, ya kuma rasu a shekarar 996 miladiyya. Masu sharhin littafin sun kawo cewa shi da kansa ya ajiye kare a gidansa lokacin da katangarsa ta faɗi kuma gari ba lafiya. Da aka tuna masa cewa Malik bai so haka ba, sai ya nuna cewa da Malik ya riski irin zamaninsu, da zaki ma zai ajiye. Mutumin ƙauyen da ke kan iyaka da Katsina, wanda fargabar ɓarayin shanu ta hana shi barci, ba ya buƙatar a yi masa dogon bayanin wannan amsa.

Hadisin da ya yi gargaɗin raguwar lada ga mai ajiye kare ya keɓe na farauta da na kiwo da na gona, wato ainihin ayyukan da mutanen Kabo da Gwarzo ke ajiye kare dominsu. Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da karen da aka horar ya kamo. Suratul Kahfi, wadda muke karantawa duk Juma'a, ta ambaci karen samarin kogo tare da su. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa a takalminsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah ya gafarta masa. Sun ruwaito makamancinsa game da wata karuwa daga Bani Isra'ila. Sun kuma ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle har yunwa ta kashe ta. Abdullahi ɗan Umar ya tarar da wasu samari sun ɗaure tsuntsu suna gwada harbi a kansa, ya sanar da su cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya la'anci mai yin haka da abu mai rai. Wane bambanci ke tsakanin samarin nan da yaranmu da ke ɗaure kwikwiyo a jikin turke suna gasar jifa, manya na zaune a dakali suna dariya?

Za a ce ai shari'a ta yarda a kashe kare mai cizo. Gaskiya ne, kuma ba ni da ja. Karen da ya haukace, ko ya addabi mutane da cizo har aka rasa yadda za a yi da shi, kashe shi ya halatta, wani lokaci ma ya zama dole. Amma hadisi na 17 a cikin Arba'una na Imam Nawawi, wanda yaran Islamiyya ke haddacewa, ya wajabta kyautatawa hatta a wajen kisa da yanka. Taron yara arba'in da duwatsu suna bin dabba lungu-lungu na tsawon awa guda ba kyautatawa ba ce. Kuma izinin kashe mai cizo bai zama izinin azabtar da wanda bai ciji kowa ba.

Malamanmu sun san duk wannan fiye da ni. Abin da nake tuhumarsu da shi shi ne shiru. Ana huɗuba a kan tsawon wando da shigar 'yan fim, amma sau nawa aka hau mumbari aka ce wa iyaye su hana 'ya'yansu azabtar da dabba? Ko kundin dokar laifuffuka na Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, ya sanya zaluntar dabba cikin laifuffukan da ake hukuntawa. Doka ta hana, addini ya hana, sai al'adar da ta samu gindin zama don ba mai tanka mata.

Ga mai cewa mutane ma ba su ƙoshi ba

Wannan ita ce hujja mafi nauyi, kuma ba zan raina mai ita ba. Mutumin da ya kasa sayen maganin zazzaɓi ga ɗansa yana da haƙƙin ya ji haushi idan aka zo masa da zancen jinyar kare. Amsata gare shi ita ce, zancen nan na ɗansa ne.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya. Kusan dukkansu, har kashi 99 cikin 100, daga kare suka ɗauka. Kimanin kashi 40 cikin 100 na waɗanda abin ke shafa yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Su wane ne yaran nan a wurinmu? Yarinya mai tallar gyaɗa da ke ratsa bola, almajiri mai bara da dare, ɗan kiwo mai bin awaki. Ɗan mai kuɗi yana cikin mota.

Ƙwayar cutar tana cikin yawun karen da ya kamu. Idan ta shiga ta wurin cizo sai ta bi jijiya a hankali zuwa ƙwaƙwalwa, yawanci cikin wata biyu zuwa uku, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara. Ciwon ya warke, iyaye sun manta, sai wata rana yaro ya fara zazzaɓi da firgita, a kawo masa ruwa ya kasa haɗiya, yana ganin kofi yana kakkarwa. A lokacin sai a ce iskoki ne ko sammu. Da zarar alamun nan sun bayyana, kusan babu mai tashi, ko a asibitin Gwarzo ko a Landan. Amma kafin su bayyana ana iya tare cutar. A wanke wurin cizon nan take da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15, a garzaya asibiti a fara allurai a ranar, a kuma cika su yadda aka tsara. Ƙona gashin karen a shafa a ciwon, ko ɗaura ganye, ɓata lokaci ne da ake biya da rai. Tun 1885 Louis Pasteur ya ceci wani yaro a Faransa da wannan allura. Kimanin shekara 140 ke nan, amma har yau tana da tsada ga talaka, kuma ba a kowane asibitin karkara ake samunta ba. Allurar kare kuwa kuɗinta bai kama ƙafar na mutum ba. Wanda ya damu da aljihun talaka, a jikin kare ya kamata ya tare cutar kafin ta iso jikin yaro.

Yanzu a duba abin da muke yi idan kare ya ciji wani. Wani ya yi ihu, mahaukacin kare! Gari ya ɗauka. A bi shi da sanduna da tabarya har a farfasa masa kai. A nan mun yi asara biyu. Da an kama shi an killace na kwana 10, idan yana nan lafiya lau yana ci yana sha, an san cewa ba ya ɗauke da cutar a yawunsa ranar da ya yi cizon, hankalin iyaye ya kwanta. Idan kuma dole ta sa a kashe shi, ƙwaƙwalwarsa ce ake kaiwa ɗakin gwaji a tabbatar, mu kuwa ita muka fara dagargazawa. Ga samarin da suka taɓa jininsa da yawunsa da hannuwa masu ƙujewa, babu wanda zai ce su ma su je asibiti. Sau da yawa ma karen da aka kashe ba shi ne ya yi cizon ba, tsoro ne ya sa shi gudu, gudun ya zama shaidar hauka.

Dukan da muke yi musu kullum shi ma yana ƙara cizo. Karen da bai taɓa ganin hannu ya miƙo masa alheri ba, ranar da yaro ya rutsa shi a lungu haƙori ne kaɗai abin da ya rage masa.

An sayar da kare an sayi biri

Wasu za su ce to a huta, a zuba guba a kashe su duka. An gwada wannan a wurare da yawa kafin mu. A 1910 hukumomin Santambul suka kwashe dubun-dubatar karnukan titi suka jibge su a wani tsibiri da babu ruwa babu abinci, suka mutu a can. Yau Santambul cike take da karnukan titi. A tsibirin Bali na Indonesiya cutar ta ɓulla a 2008, hukuma ta shiga kashe karnuka da guba babu ƙaƙƙautawa, cutar na ci gaba da yaɗuwa, mutane na mutuwa. Sai da aka koma yi wa karnuka allura a faɗin tsibirin daga 2010 sannan ta ja baya sosai.

Dalilin a fili yake. Idan ka kashe karnukan unguwa ka bar bolar, wasu ne za su zo daga ƙauyen gaba su maye gurbi, baƙi da ba a san lafiyarsu ba, suna faɗa da juna a kan wuri, cizo na yawaita. Masu karnuka kuma da sun ji ana kisa sai su ɓoye nasu ko su kai su wani gari, cutar ta bi su. Tsugune ba ta ƙare ba. Ita gubar kuma ba ta tambayar wanda ya ci: kyanwa ta ci, kaza ta tsattsaga, shirwa da angulu su sauka kan mushen, yaro mai rarrafe ya ɗauki ragowar naman.

Abin da ya yi aiki kuwa ba sai an je Turai za a gan shi ba. A Injamena, babban birnin Chadi, gari mai zafi da talauci da yawan Musulmi irin namu, an yi gangamin allurar karnuka kyauta a 2012 da 2013, aka kai sama da kashi 70 cikin 100 na karnukan birnin. Yaɗuwar cutar ta tsaya cak na tsawon watanni, sai daga baya ta sake shigowa daga kewaye. Darasi biyu ke nan. Kashi 70 ɗin nan shi ne ma'aunin da masana suka yarda yana karya lagon cutar, kuma aikin na kowace shekara ne, tare da maƙwabta. Gwarzo ba za ta yi ita kaɗai ta bar Kabo da Karaye da Shanono da ƙauyukan Katsina na ƙetaren iyaka ba. Da irin wannan naci ƙasar Meksiko ta samu shaidar Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 cewa ta kawar da haukan kare a matsayin barazana ga lafiyar jama'a. Duniya ta sa wa kanta wa'adin 2030 na kawo ƙarshen mutuwar mutane ta wannan hanya. Karen da aka yi wa allura yana zaune a unguwarsa yana korar baƙin karnuka, katanga ce tsakanin cutar da yaranmu. Duk wanda ya kashe shi ya rushe katangar da hannunsa.

Ceton da ya dace da mu

Kada mai karatu ya zaci ina kiran a gina wa karnuka gida mai fanka, a saya musu abincin gwangwani, a riƙa ɗaukarsu hoto ana sakawa a Facebook kamar yadda ake gani a Amurka. Wannan ba namu ba ne, ba mu da kuɗinsa, kuma manyan gidajen tara karnuka sukan koma kurkuku mai cike da cuta. Abin da nake nufi ƙarami ne, mai yiwuwa ne.

Kowace ƙaramar hukuma tana da sashen aikin gona da malaman dabbobi. A ware ɗan fili mai shinge da inuwa da ruwa, da 'yan ɗakuna da za a raba karnuka. Kamawa aikin masu horo ne da aka yi wa allurar kariya, da raga ko sandar kamu, ba aikin yara ba. Karen da aka kawo a ware shi, likita ya sa masa ido. A cire wayar wuyan, a wanke gyambon a fitar da tsutsa, a ba shi maganin kaska da ƙazuwa da na tsutsar ciki. Wanda yunwa ta daɗe tana ci ba a cika masa kwano rana ɗaya, kaɗan-kaɗan ake ba shi. Abincin ma yana kusa: ragowar kwata a dafa da dusa ko tsaki. A yi masa allurar haukan kare, a fiɗiye namiji, macen a yi mata aikin hana haihuwa, a sa masa alama a wuya da kowa zai gane.

Gyaran halinsa shi ya fi cin lokaci, amma ba ya cin kuɗi. Mutum ɗaya ya riƙa kawo abinci a lokaci ɗaya kullum, ya ajiye ya ja baya ya zauna, ba tsawa, ba zura masa ido, ba kai hannu. Wani karen cikin mako zai fara kaɗa jela, wani sai ya yi wata biyu. Duk maharbin da ya taɓa horar da kwikwiyo ya san wannan ilimi, ba sai an koya masa ba. Wanda ya warke ya natsu a ba makiyayi ko mai lambu ko mai gadin makaranta, a rubuta sunansa a littafin mai unguwa, da sharaɗin ciyarwa da kawo shi allura duk shekara. Wanda ya saba da bakin kasuwa kuma bai taɓa damun kowa ba, a mayar da shi inda aka ɗauko shi da alamarsa. Wanda cuta ta ci ƙarfinsa ko ya nuna alamun hauka, likita ya kawo ƙarshensa cikin gaggawa ba tare da azaba ba, a aika kansa gwaji.

Kayan aikin duk muna da su. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, wadda aka kafa tun 1924, tana yin allurar karnuka kuma tana gwajin cutar. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da asibitin koyarwa na dabbobi. Jami'ar Bayero, wadda sabon matsuguninta ke kan wannan hanya ta Gwarzo, tana horar da likitocin dabbobi, kuma ɗalibanta na buƙatar inda za su gwada hannu. Tun 2024 tarayya na da ma'aikata sukutum ta bunƙasa kiwo. Jihar Kano ta saba fita allurar shanu da tumaki da awaki. Jihar da ta bi gida-gida da akwatin ƙanƙara, da taimakon hakimai da dagatai, har aka ayyana Nijeriya ta rabu da ƙwayar shan-inna ta daji a 2020, ba za ta ce ba ta san yadda ake kai allura ƙauye ba.

Saboda haka ga inda nauyi ya rataya. Shugabannin ƙananan hukumomin Gwarzo da Kabo su sa allurar karnuka a kasafinsu, su tabbatar akwai allurar mutane a asibitocinsu, su kuma fito duk ranar 28 ga Satumba, ranar yaƙi da cutar ta duniya, su faɗa wa jama'a karnuka nawa aka yi wa allura a Kutama da Lakwaya da Gude da Durun. Sarakunan baka su kafa doka a tsakanin mutanensu: kare ba ya hawa motar farauta sai da shaidar allura, kuma wanda ya tafi da biyar ya dawo da uku ya yi bayanin sauran. Sarakunan fawa da duba-gari su kula da abin da ake zubarwa a bayan kwata. Malaman firamare da na allo su koya wa yara cewa ba a tsokanar kare yana ci, ba a kusantar karya mai shayarwa, idan kare ya taso a tsaya cak kada a ruga, idan ya yi cizo ko yakushi a faɗa wa manya nan take ba tare da tsoron duka ba. Limamai kuma su ba mu huɗuba ɗaya a shekara, ɗaya tak, a kan haƙƙin dabbar da ba ta iya kai ƙara.

Sauran kuma namu ne, ni da kai mai karatu. Idan ba za ka iya riƙe kare har tsufansa ba, kada ka karɓi kwikwiyo. Idan ka ga yara sun taru a kan kare da duwatsu, kai ne babban da ke wurin, ka tsawata musu, domin yaron da ya koyi cewa taro yana halatta azabtar da mara gata ba a kan kare zai tsaya ba. Idan zafin bazara ya tsananta, tsohon kasko da ruwa a gindin katanga bai fi ƙarfin kowa ba. Mutumin da aka gafarta wa a bakin rijiyar nan ba shi da kasafin kuɗi, ba shi da ƙungiya, ko guga ba shi da shi. Takalminsa ya cire ya ɗebo ruwan da shi.